Muhammadu Rumfa: Sarkin da ya tsara birnin Kano da al'adunsa

Fiye da shekara 500 ke nan da rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, amma har yau duk wanda ya shiga cikin birni, a kan tsarin da ya shata yake tafiya. Fada da Kasuwar Kurmi duk suna nan a wuraren da aka ajiye su a zamaninsa.

Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, kuma shi ne sarki na 20 a jerin sarakunan gidan Bagauda. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kuma lissafa sababbin abubuwa 12 da ya fara kawowa.

A lokacin da ya hau gadon sarauta, rayuwar gari ta fi taruwa ne a kewayen Dutsen Dala, ga kuma fatake da malamai suna ta kwararowa daga Borno, Mali da Arewacin Afirka. Wuri ya yi kaɗan. Sai Rumfa ya faɗaɗa ganuwar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, aikin da ya shafi sassan Ƙofar Mata, Ƙofar Na'isa da Ƙofar Kansakali.

A cikin filin da aka samu ne ya gina sabuwar fada, wadda ake kira Gidan Rumfa, inda sarakunan Kano suka ci gaba da zama har bayan jihadi. Gidan Makama da ke kusa da ita, wanda ya zama gidan tarihi, shi ma ana danganta ginin sa da Rumfa.

Ya kuma kafa Kasuwar Kurmi a gefen Jakara. Kasuwar ta tara masu saye da sayarwa wuri guda, ta kuma ba masu sana'ar hannu inda za su kai kayansu: masaƙa, marina, dukawa da maƙera. Da haka sana'a ta samu mazauni a tsakiyar gari, tufafi da fatun Kano suka riƙa ƙetare Sahara.

A ɓangaren addini, a zamaninsa ne Shehu Muhammad al-Maghili, malamin nan ɗan Tilimsan ta ƙasar Aljeriya a yau, ya zo Kano, ya rubuta masa littafi kan haƙƙoƙin da ke wuyan mai mulki. An sare wata bishiya da ake tsafi a gindinta, aka gina masallacin Juma'a, aka kuma tsayar da filin Idi.

Rumfa bai tsaya ga gini kawai ba. Shi ya shigo da busar kakaki, figini da takalman gashin jimina cikin al'adun fada, ya kuma kafa majalisar Tara ta Kano. Tunda filin Idi yana gefe guda, fada tana wani gefen, fitar sarki ranar Sallah ta zama biki da ke ratsa unguwanni, talaka ya ga sarkinsa, makaɗa da mahaya su nuna bajinta. Masana da dama suna ganin daga nan hawan Sallah ya samo tushe. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Mulkinsa bai rasa abin suka ba. Shi ya fara kulle, ya tara mata masu yawa a fada, ya ba babanni manyan muƙamai, ya kuma shafe shekara 11 yana yaƙi da Katsina ba tare da wani ya rinjayi wani ba.

Bayan rasuwarsa a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Ana tunawa da shi a sunan Kwalejin Rumfa, amma babban gadonsa na cikin haɗari: sassa da yawa na ganuwa sun zaizaye, wasu an yanka su filaye an gina gidaje da shaguna. Abin da ya rage nata na jiran hukuma da mazauna birni su yanke shawarar ko jikokinsu za su same shi.