Ignaz Semmelweis

Ignaz Philipp Semmelweis (an haife shi ranar 1 ga Yuli, 1818, ya rasu ranar 13 ga Agusta, 1865) likitan mata ne ɗan ƙasar Hungari. Ya shahara saboda binciken da ya yi kan zazzaɓin jego, cutar da a zamaninsa take kashe mata da yawa kwanaki kaɗan bayan sun haihu a asibiti. Shi ne ya nuna da alƙaluma cewa likitoci ne ke ɗaukar cutar a hannunsu su kai wa masu naƙuda, kuma wanke hannu da ruwan kulorin yana hana ta.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a unguwar Tabán da ke Buda, wani ɓangare na birnin Budapest na yau. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, kuma Ignaz shi ne na biyar cikin 'ya'ya goma. A 1837 ya tafi Jami'ar Biyana, babban birnin Ostiriya, don karatun lauya, amma bai jima ba ya koma fannin likitanci. Ya kammala a 1844.

Sassan haihuwa biyu

A ranar 1 ga Yuli, 1846, aka naɗa shi mataimakin Farfesa Johann Klein a sashen haihuwa na farko na Babban Asibitin Biyana. Asibitin yana da sassan haihuwa biyu. A na farko ake koyar da ɗaliban likitanci, a na biyu kuma ɗaliban ungozoma. Ana karɓar mata bi da bi, yau wannan sashe gobe wancan, saboda haka matan ba su bambanta ba. Duk da haka, tsakanin 1841 da 1846 kusan kashi 10 cikin ɗari na masu jego ne suke mutuwa a sashen likitoci, a sashen ungozoma kuwa ba su kai kashi 4 ba. Labarin ya bazu a gari, har mata kan yi ta magiya kada a kwantar da su a sashe na farko. Wasu ma sukan haihu a hanya, kuma abin mamaki, zazzaɓin bai cika kama irin waɗannan ba.

Semmelweis ya bi dalilan da ake bayarwa ɗaya bayan ɗaya. Ba cunkoso ba ne, domin sashen ungozoma ya fi cika. Ba gurɓatacciyar iska ba ce, tunda sassan biyu a asibiti ɗaya suke. Ya sa a riƙa kwantar da masu naƙuda a gefe kamar yadda ungozomomi ke yi, ya kuma roƙi limamin coci da ya daina kaɗa ƙararrawa in zai wuce wajen masu gargarar mutuwa, ko tsoro ne ke kashe matan. Babu abin da ya sauya.

Amsar ta zo a watan Maris na 1847, lokacin da abokinsa Farfesa Jakob Kolletschka ya rasu bayan wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi ana cikin feɗe gawa. Abin da aka gani a gawarsa ya yi daidai da abin da ake gani a gawar matan da zazzaɓin jego ya kashe. Likitoci da ɗalibansu kan fito daga ɗakin binciken gawa su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda, ungozomomi kuwa ba sa taɓa gawa. Daga nan ya yanke cewa ɓurɓushin gawa ne ke maƙalewa a hannu ya shiga jikin mace.

A tsakiyar watan Mayu na 1847 ya wajabta wa kowa wanke hannu da ruwan kulorin kafin duba mace. Ya zaɓi kulorin ne don ya ga shi ke kawar da warin gawa, wanda sabulu bai iya ba. A watan Afrilu kashi 18.3 ne suka mutu. A watan Yuni adadin ya sauko zuwa 2.2, a Yuli kuma 1.2. A watan Oktoba aka kwantar da wata mata mai ciwon daji a mahaifa da ke zubar da mugunya, kuma mata 11 cikin 12 da aka duba bayanta suka mutu. Wannan ya koya masa cewa mai rai ma na iya zama tushen cutar, sai ya ce a wanke hannu tsakanin kowace mace da ta gaba.

Adawa da komawa gida

Likitoci da yawa ba su yarda ba. A lokacin ba a tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ke haddasa ciwo ba, kuma ba kowane likita ke iya amincewa cewa hannunsa ya yi kisa ba. Shi kansa Semmelweis yana da nasa laifin: shekara da shekaru bai rubuta komai ba, ya bar abokansa Ferdinand von Hebra da Josef Škoda suna bayani a madadinsa, aka yi ta fahimtar ra'ayinsa a karkace. Da wa'adinsa ya ƙare a Maris 1849, Klein bai sabunta masa ba.

Ya koma Pest a 1850. A asibitin Szent Rókus, tsakanin 1851 da 1855, mata 8 kacal zazzaɓin ya kashe cikin haihuwa 933. A 1855 ya zama farfesa a Jami'ar Pest, a 1857 kuma ya auri Mária Weidenhofer, suka haifi 'ya'ya biyar. Sai a 1861 littafinsa kan musabbabin zazzaɓin jego da rigakafinsa ya fito da harshen Jamusanci. Littafin bai samu karɓuwa ba, har fitaccen masani Rudolf Virchow yana cikin masu ja da shi. Semmelweis ya mayar da martani da buɗaɗɗun wasiƙu masu zafi, inda ya zargi manyan likitocin mata na Turai da kisan kai, abin da ya ƙara nisanta su da shi.

Rasuwa

A 1865 halinsa ya sauya sosai, kuma har yau masana na saɓani kan cutar da ta same shi. A ƙarshen watan Yuli aka yaudare shi zuwa wani asibitin masu taɓin hankali a Biyana. Da ya gane ya nemi fita, masu gadi suka yi masa duka. Bayan mako biyu ya rasu yana da shekara 47, sakamakon rauni a hannunsa na dama da ya ruɓe, guba ta shiga jininsa. Mutane ƙalilan ne suka halarci jana'izarsa.

Bayan rasuwarsa

A 1867 Joseph Lister ya wallafa hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a aikin tiyata, a 1879 kuma Louis Pasteur ya gano ƙwayar cutar a jinin masu zazzaɓin jego. An mayar da gawar Semmelweis Budapest a 1891, sannan a 1964 aka binne ta a gidan da aka haife shi, wanda yanzu gidan tarihin likitanci ne. Jami'ar likitanci ta Budapest tana ɗauke da sunansa tun 1969, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya rubuce-rubucensa cikin kundinta na muhimman takardun tarihin duniya.