Bernardino Ramazzini: Likitan da ya dage a tambayi majiyyaci sana'arsa

Idan ka je asibiti da ciwon baya, likita ya tambaye ka aikin da kake yi, to ka sani wannan tambaya tana da tarihi. Wanda ya dage sai an riƙa yin ta shi ne Bernardino Ramazzini, wani likita ɗan Italiya.

An haife shi a garin Carpi a shekarar 1633. Ya yi karatun likitanci a Parma, daga baya ya koyar a jami'o'in Modena da Padua. Wata rana ya ga mai yashe masai yana ta sauri ya gama aiki a gidansa. Da ya tambaye shi dalili, sai mutumin ya bayyana masa cewa daɗewa a cikin ramin yana lalata idanu. Daga nan Ramazzini ya shiga bin ma'aikata har wuraren aikinsu don ya gane wa idonsa abin da ke cutar da su.

A 1700 ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'o'i, ya kuma faɗaɗa shi a 1713. Ya nuna cewa bayan guba da ƙura, ɗaukar kaya masu nauyi da yawan sunkuyo da dogon zama ma suna yi wa jiki lahani, kamar yadda ya gani a wajen 'yan dako da teloli da masu ɗinkin takalma. Ya rasu a Padua a 1714, shekaru 170 kafin Jamus ta kafa dokar inshorar haɗarin aiki a 1884.

Har gobe tambayarsa tana da amfani. Idan likita ya ce ma'aikaci na buƙatar tiyatar baya, wani lokaci mai kamfani ko kamfanin inshora kan ƙi biya, ya ce ciwon na tsufa ne ko ya riga aikin. Hoton MRI na iya nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya zame, amma ba kullum yake nuna abin da ya jawo hakan ba. A nan ne ake komawa ga abin da aka rubuta a katinka na asibiti.

Saboda haka tun zuwan farko ka faɗa wa likita aikinka, nauyin da kake ɗauka da ranar da ciwon ya fara. Ka sanar da wurin aikinka a rubuce ba tare da jinkiri ba, ka kuma adana kwafin kowace takarda.