Andrew Taylor Still: Maɗorin da Ya Kafa Makarantar Likitanci

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar sauran ƙasar Hausa, wanda ya karye ko ya yi targaɗe yakan fara tuna gidan maɗora kafin ya tuna asibiti. Sana'a ce ta gado, ba a rubuce take ba, kuma iyakarta ƙashi da gaɓa. To, a Amurka an yi wani mutum da ya ɗauki irin wannan aiki na hannu ya ce shi ne tushen warkar da kowace cuta, har ya gina masa makaranta. Shi ne Andrew Taylor Still, wanda ya ƙago hanyar magani da ake kira ostiyofati.

An haife shi ran 6 ga Agusta, 1828, a jihar Birjiniya. Mahaifinsa, Abram, mai wa'azin Kirista ne kuma mai magani, a hannunsa ɗan ya koyi sana'ar, domin a wancan zamani yawancin likitocin ƙauyukan Amurka ta hanyar bin wani gwani suke koyo. Sun yi ta ƙaura yamma, zuwa Mizuri, daga nan zuwa Kansas a 1853, inda suka zauna cikin ƙabilar Shoni, 'yan asalin ƙasar. A can Still ya riƙa tone kaburburansu yana nazarin ƙasusuwa. Shi da kansa ya rubuta haka, kuma abin ƙyama ne da ba ya wankuwa, ko da yake mutumin ya tsaya tsayin daka wajen ƙin bauta, ya kuma yi yaƙin basasar Amurka a ɓangaren masu son hana ta.

Abin da ya juya rayuwarsa ya faru ne a 1864. Sanƙarau ya shiga gidansa ya ɗauke yara uku, ba a jima ba wata 'yarsa ta bi su da ciwon huhu. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu yana kallo, shi ma likita ne, ba abin da ya tsinana. Maganin zamanin kuwa bai wuce tsaga a zubar da jini ba, da giya, da ofiyom, da wani gari mai sinadarin zaiba wanda kan zubar da haƙoran majinyaci. Still ya yanke ƙauna daga wannan duka. Shekara goma ya yi yana juya ƙasusuwa yana tunani, sai a watan Yuni na 1874 ya bayyana ra'ayinsa.

Ga gundarin ra'ayin. Jiki abu ɗaya ne, kuma Mahalicci ya ajiye masa maganinsa a cikinsa. In ƙashi ya goce, musamman na gadon baya, sai ya danne hanyar jini da hanyar saƙo, cuta ta samu ƙofa; in aka mai da shi mazauninsa, jiki ya warkar da kansa. A nan Hausa takan ba mai rubutu wahala, don kalmar jijiya ita kaɗai ke ɗauke da mai kai jini, da mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, alhali kowace da aikinta a lissafin Still. Ya kuma ba da muhimmanci ƙwarai ga tantanin nan fari da ke lulluɓe da tsoka, wanda kowane mahauci ya san shi a bakin wuƙarsa. A littafinsa na 1899 ya ware masa babi guda, a lokacin da masu fiɗa ke yaye shi su yar don su ga abin da ke ƙarƙashi.

Mutane ba su karɓe shi da daɗi ba. Cocinsu ta juya masa baya, jami'ar Baker, wadda danginsa suka taimaka wajen ginawa, ta hana shi bayyana ra'ayinsa a cikinta. Ya koma garin Kirksville a Mizuri, ya shiga yawo gari gari yana tallan kansa da sunan maɗori mai saurin walƙiya. Sannu a hankali masu ciwon baya da na gaɓoɓi suka yi ta tururuwa, har a 1892 ya buɗe makaranta, ya ɗauki maza da mata tun ajin farko.

Ya kamata a yi masa adalci ta fuska biyu. Da ya ce magungunan zamaninsa sun fi cutar kisa, bai yi nisa da gaskiya ba. Amma da ya jingina kowace cuta ga gocewar ƙashi, ya yi kuskure babba, kuma cutar da ta kashe 'ya'yansa ita ce shaida. A 1887 aka gano ƙwayar da ke haddasa sanƙarau mai yaɗuwa, ba ruwanta da gadon baya ya goce ko bai goce ba. Mutanen Sakkwato da Zamfara da suka ga annobar 2017 sun san cewa yaron da wuyansa ya sanƙare da zazzaɓi allura yake bukata cikin gaggawa, duk sa'ar da aka ɓata wajen mai tausa tana iya zama ajalinsa. Binciken baya-bayan nan ya nuna aikin hannu irin na Still yana ɗan rage ciwon baya, amma bai tabbatar da manyan da'awowinsa ba.

Almajiransa sun rarrabu. William Sutherland ya mai da hankali ga ƙoƙon kai da muƙamuƙi, hanyar da har yau hujjarta ba ta da ƙarfi. Ida Rolf, wadda ba ta yi karatu a hannunsa ba amma ta sha daga rijiyarsa, ta gina tata hanyar a kan tantanin tsoka da miƙewar tsayuwa. John Littlejohn ya kai ilmin Ingila, ya buɗe makaranta a Landan a 1917. A shekarar nan ce, ran 12 ga Disamba, Still ya mutu a Kirksville yana da shekara 89. Makarantun da suka gaje shi a Amurka sun rungumi ƙwayoyi da allura da tiyata, ya zuwa 1973 dukan jihohin ƙasar sun amince da ɗalibansu a matsayin cikakkun likitoci.