Karen Carpenter

Karen Anne Carpenter (an haife ta ranar 2 ga Maris, 1950, ta rasu ranar 4 ga Fabrairu, 1983) mawaƙiya ce kuma makaɗiyar ganga 'yar ƙasar Amurka. Ita da yayanta Richard Carpenter ne suka kafa ƙungiyar waƙa mai suna Carpenters, wadda ta yi tashe a shekarun 1970, kuma an ƙiyasta cewa ta sayar da faifai sama da miliyan 100 a faɗin duniya. An san Karen da murya mai kauri da taushi da kuma ƙwarewa wajen kiɗan ganga, sana'ar da mata ƙalilan ne ke yin ta a wancan zamani. Ta rasu tana da shekara 32 sakamakon tsayawar zuciya da ke da nasaba da cutar anoreksiya, wato cutar ƙin cin abinci saboda tsananin tsoron ƙiba. Rasuwarta ce ta sa jama'a da yawa a Amurka da wajenta suka fara jin sunan wannan cuta, suka kuma fahimci cewa tana kisa. Bayan rasuwar, iyalinta sun kafa gidauniya don tallafa wa bincike a kan cututtukan cin abinci.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Karen a birnin New Haven da ke jihar Connecticut. Mahaifinta, Harold Carpenter, an haife shi ne a ƙasar Sin inda iyayensa suke aikin mishan, kuma ya yi aiki a harkar ɗab'i. Sunan mahaifiyarta Agnes. Su biyu kaɗai iyayensu suka haifa, ita da Richard wanda aka haifa a 1946. Tun Richard yana yaro aka gane yana da baiwar kiɗan fiyano, don haka hankalin gidan ya fi karkata a kansa, ita kuwa Karen ta fi son rawa da wasan ƙwallo da yaran unguwa.

A watan Yuni na 1963 iyalin suka ƙaura zuwa garin Downey da ke kusa da Los Angeles a jihar Kalifoniya. A 1964 ta shiga makarantar sakandare ta Downey, inda ta shiga ƙungiyar makaɗan fareti don ta kauce wa darasin motsa jiki. Da farko an ba ta wani kayan kiɗa na ƙarafa da ake bugawa da 'yan sanduna, amma bai kwanta mata ba. Da ta ga yadda wani abokin karatunta, Frankie Chavez, yake kaɗa ganga, sai ta nemi a mayar da ita can. Iyayenta suka saya mata ganguna na kamfanin Ludwig, kuma cikin ɗan lokaci ta ƙware. Ta kammala sakandare a 1967, sannan ta shiga kwalejin jiha da ke Long Beach don karantar fannin kiɗa.

Sana'ar waƙa

A 1965 Karen da Richard da abokinsu Wes Jacobs suka kafa ƙungiya ta mutum uku mai suna Richard Carpenter Trio, wadda ta lashe gasar makaɗa a dandalin Hollywood Bowl a 1966. Bayan wasu shekaru na faɗi-tashi, kamfanin A&M Records na su Herb Alpert ya ƙulla yarjejeniya da 'yan'uwan biyu a watan Afrilu na 1969. Kundin waƙoƙinsu na farko bai yi kasuwa sosai ba, amma a 1970 waƙarsu Close to You ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard. Wasu waƙoƙinsu biyu sun sake hawa wannan matsayi a 1973 da 1975. Sun samu kyautar Grammy guda uku, biyu a 1971 da ɗaya a 1972, kuma a watan Mayu na 1973 sun yi wasa a fadar White House bisa gayyatar shugaba Richard Nixon, lokacin ziyarar shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Willy Brandt.

A farkon sana'arta Karen tana waƙa ne tana zaune a bayan ganguna, kuma ta fi ɗaukar kanta a matsayin makaɗiya mai yin waƙa fiye da mawaƙiya. Sai dai 'yan kallo sun riƙa ƙorafin ba sa hango ta, domin tsawonta bai wuce santimita 163 ba. Richard da manajansu suka shawo kanta ta fito gaban dandamali ta riƙe makirufo, aka ɗauki wani makaɗin ya riƙa kaɗa gangar a yawancin waƙoƙi. Wannan sauyi ya sa idon 'yan kallo da na masu ɗaukar hoto ya dawo kan jikinta da suturarta a kowane wasa.

Rashin lafiya

Karen ta fara rage cin abinci tun tana sakandare. A 1967, bisa shawarar likita, ta bi wani tsarin rage ƙiba da ake yayi a lokacin, nauyinta ya sauko daga kimanin kilo 66 zuwa 54, kuma ya tsaya a haka na wasu shekaru. A 1973 ta ga wani hotonta da aka ɗauka a wurin wasa, ta ji bai yi mata ba, sai ta ɗauki mai horar da motsa jiki. Da ta ga horon yana ƙara mata tsoka maimakon ya rage ta, sai ta sallame shi ta koma ƙayyade wa kanta abinci. Da farko 'yan'uwa da abokai sun yi ta yaba mata, amma ramar ba ta tsaya ba. Zuwa watan Satumba na 1975 nauyinta ya koma kimanin kilo 41, har 'yan kallo suna razana idan ta fito, wasu suna rubuto wasiƙu suna tambayar ko lafiya. A wannan shekara jikinta ya gaza bayan jerin wasanni a Las Vegas, aka kwantar da ita a asibiti, aka kuma soke rangadin da ƙungiyar za ta yi a Birtaniya da Japan. Abin da aka faɗa wa jama'a shi ne gajiya ce ta yi mata yawa.

Anoreksiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke bayyana a jiki. Mai fama da ita yakan taƙaita abinci matuƙa, yana tsananin tsoron ƙara nauyi, kuma yakan ga kansa da ƙiba ko da ya rame ƙwarai. Yawanci yakan ɓoye halin da yake ciki, ya kuma musanta idan an tambaye shi. Yunwa mai tsawo tana raunana tsokar zuciya da ƙashi, tana kuma rikita gishirin da ke cikin jini, shi ya sa cutar take cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Likitoci sun san ta tun da daɗewa, domin a 1873 ne likitan Ingila William Gull ya raɗa mata suna, kuma a shekarar ce likitan Faransa Charles Lasègue ya yi bayaninta. Amma a tsakiyar shekarun 1970 sunan bai fita daga littattafan likitanci ya isa ga jama'a ba, kuma wuraren da suka ƙware wajen magance ta kaɗan ne. Littafin likita Hilde Bruch mai suna The Golden Cage, wanda ya yi wa talakawa bayanin cutar, sai a 1978 ya fito.

Iyalin Karen da abokanta sun yi ta roƙonta ta ci abinci, amma ba su ɗauki lamarin a matsayin ciwon da ke buƙatar ƙwararru ba. A 1979 Richard ya tafi asibitin Menninger da ke jihar Kansas don a raba shi da shan maganin barci da ya kama shi. A wannan tsakani Karen ta tafi New York ta naɗi kundin waƙoƙi nata na kanta tare da Phil Ramone, amma kamfanin A&M bai fitar da shi ba sai a 1996. Ranar 31 ga Agusta, 1980 ta auri Thomas Burris, wani ɗan kasuwar gidaje, sai dai auren bai yi ƙarko ba, suka rabu bayan wata 14. A 1981, a wata hira da gidan talabijin na BBC, 'yar jarida Sue Lawley ta tambaye ta kai tsaye ko tana fama da anoreksiya, ta musanta, ta ce gajiya ce kawai.

Neman magani da rasuwa

A ƙarshen 1981 Karen ta amince cewa tana buƙatar taimako. Ta tattauna da Cherry Boone, 'yar mawaƙi Pat Boone, wadda ita ma ta yi fama da cutar ta kuma samu sauƙi. A farkon 1982 ta koma New York don ganin Steven Levenkron, wani mai warkarwa ta hanyar tattaunawa wanda ya yi suna a kan cututtukan cin abinci. A can ne aka gano tana shan magungunan wankin ciki da yawa, da kuma maganin da ake ba masu ciwon maƙoƙo alhali ba ta da ciwon, duk don ta rage nauyi. A watan Satumba na 1982 ta ce tana jin jiri da bugun zuciya ba daidai ba, aka kwantar da ita a asibitin Lenox Hill, aka riƙa ba ta abinci ta jijiya. Nauyinta ya ƙaru, kuma a watan Nuwamba ta dakatar da jinyar ta koma Kalifoniya.

A ido ta yi kama da wadda ta murmure. Ranar 17 ga Disamba, 1982 ta yi wa yara waƙoƙin Kirsimeti a makarantar Buckley da ke Sherman Oaks, wasanta na ƙarshe ke nan a gaban jama'a. Ranar 11 ga Janairu, 1983 ta halarci taron waɗanda suka taɓa lashe kyautar Grammy. Da safiyar 4 ga Fabrairu, ranar da ya kamata ta sa hannu a takardun rabuwar aurenta, ta faɗi a gidan iyayenta da ke Downey. An garzaya da ita asibitin garin, inda likitoci suka tabbatar da rasuwarta. Rahoton binciken gawa ya danganta rasuwar da lahanin da sinadarin emetin ya yi wa zuciya, a sakamakon anoreksiya. Ana samun wannan sinadari a cikin wani maganin sa amai mai suna ipekak, wanda a lokacin ake saya a kanti ba tare da takardar likita ba, amma mahaifiyarta da yayanta sun musanta cewa tana shan sa. An yi jana'izarta ranar 8 ga Fabrairu a cocin Methodist da ke Downey, kuma kimanin mutum 1,000 ne suka halarta.

Tasirinta a kan wayar da kai

Kafin 1983 akwai 'yan ƙungiyoyin sa-kai da ke aiki a kan cututtukan cin abinci, kamar ANAD wadda wata ma'aikaciyar jinya, Vivian Meehan, ta kafa a jihar Illinois a 1976. Amma rasuwar Karen ce ta kai batun shafukan farko na jaridu da mujallu, kuma iyaye da yawa suka fara gane alamun cutar a jikin 'ya'yansu. Iyalinta suka kafa gidauniyar Karen A. Carpenter Memorial Foundation, wadda ta tara kuɗi don bincike a kan anoreksiya da sauran cututtukan cin abinci. Daga baya aka sauya mata suna zuwa Carpenter Family Foundation, ta faɗaɗa tallafinta zuwa fasaha da ilimi.

A shekarun da suka biyo baya cibiyoyi da ƙungiyoyi sun ƙaru. A 1985 aka buɗe cibiyar Renfrew a Philadelphia don kwantar da mata masu wannan matsala. A 1989 aka kafa ƙungiyar agaji ta Birtaniya wadda a yau ake kira Beat, sannan a 2001 aka samar da NEDA a Amurka bayan haɗewar wasu ƙungiyoyi. Aikinsu ya haɗa da layukan waya na neman shawara, tarukan tallafa wa juna ga marasa lafiya da iyalansu, da makon wayar da kai da ake yi kowace shekara wajen ƙarshen Fabrairu. Tun daga 2016 kuma ana tunawa da ranar 2 ga Yuni a matsayin ranar ɗaukar mataki kan cututtukan cin abinci ta duniya. A 2003 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina ajiye ipekak a gidaje.

Ana yawan kafa misali da tarihin Karen idan ana maganar muhimmancin fara magani da wuri, domin kusan shekara bakwai ne tsakanin 1975, lokacin da ramarta ta fito fili, da 1982, lokacin da ta fara jinya ta musamman. Wani bincike da Gerald Russell da abokan aikinsa suka buga a 1987 daga asibitin Maudsley da ke Landan ya nuna cewa matasan da ba su kai shekara uku da kamuwa ba sun fi samun sauƙi idan aka sa iyalinsu cikin jinyar. A kan irin wannan fahimta ce daga baya asibitin da jami'ar King's College London suka fito da tsarin FREED, wanda ke gaggauta duba matasa 'yan shekara 16 zuwa 25 da cutar ba ta wuce shekara uku a jikinsu ba. Alamun farko da ƙungiyoyin agaji ke faɗakar da iyaye da malamai a kansu sun haɗa da ramewa cikin sauri, kauce wa cin abinci tare da mutane, yawan maganar ƙiba da auna nauyi, motsa jiki fiye da ƙima, sa manyan kaya don ɓoye jiki, da ɗaukewar al'ada ga mata. Cutar tana kama maza da mata, kuma an same ta a kowace nahiya.

Karramawa

Ranar 12 ga Oktoba, 1983 aka karrama ƙungiyar Carpenters da tauraro a titin shahararru na Hollywood, inda Richard da iyayensu suka halarta. A 1987 Todd Haynes ya shirya wani gajeren fim kan rayuwarta da 'yan tsana, a watan Janairu na 1989 kuma tashar CBS ta nuna fim mai suna The Karen Carpenter Story. A 2003 aka mayar da kabarinta da na iyayenta daga maƙabartar Forest Lawn da ke Cypress zuwa Westlake Village a jihar Kalifoniya. A 2010 marubuci Randy Schmidt ya wallafa tarihin rayuwarta mai suna Little Girl Blue.