Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilimin Magani

'Yan'uwa, mai maganin gargajiya yana zuba talla da lasifika a cikin Gwarzo, wai kwalba ɗaya tana kashe basir da shawara da makero da ƙyasbi, har yana jingina abin ga magabata. To, bari in ba ku tarihin ɗaya daga cikin magabatan.

An haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu a 1781. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi, shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Shi ne ya tabbatar wa Ibrahim Dabo sarautar Kano a 1819, ka ga mu mutanen Gwarzo da Kabo ba baƙinsa ba ne.

Mafi yawanmu Infaƙul Maisur kaɗai muka sani. Amma bawan Allahn nan, duk da yaƙi da mulki, ya zauna ya yi rubutu kan magani. Basir ya ware masa littafi, ciwon ido littafi, tsutsar ciki littafi. Har tsiro guda, sana, wato dangin filasko, ya yi masa risala ta musamman kan amfaninsa wajen sassauta ciki, tun da ambatonsa ya zo a hadisi. Sai a shekarun 1940 masana a Suwizalan suka tace sinadarin da ke wannan aiki a ganyen. Abin da ya fi burge ni, cuta ɗaya yake ɗauka ya bi ta da maganinta, bai cusa cututtuka goma a tulu ɗaya ba. Haka masu bincike suke yi yau a jami'a: su jiƙa ganye ko sassaƙe, su tace, su gwada a kan ƙwayar makero ita kaɗai, su ga ko ta mutu, kuma a wane awo.

Da Bature Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nema daga Ingila har da likita. Sarki, malami, mai littattafan magani, bai ga faɗuwa ba don ya nemi na wani.

Ya rasu a Wurno a 1837, can kabarinsa yake. Allah Ya jiƙansa da rahama.