Arkimidis: Masanin da ya gano abin da ruwa ke iya ɗauka

An haifi Arkimidis a birnin Sirakus na tsibirin Sisili wajen shekara ta 287 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mahaifinsa, Fidiyas, masanin taurari ne. Ana kyautata zaton ya yi karatu a Iskandariyya ta Masar, domin ya daɗe yana musayar wasiƙu da malamanta, amma a garinsu ya ƙare rayuwarsa.

Labarin da ya fi yaɗuwa a kansa shi ne na Sarki Hiyero na Biyu, wanda ya zargi maƙerinsa da cuɗa azurfa cikin kambin zinariya, har Arkimidis ya gano ha'incin yana cikin wanka. Marubucin Rumawa Bitrubiyus ne ya kawo wannan hikaya bayan kusan ƙarni biyu, saboda haka a riƙe ta da sassauci. Abin da ya tabbata shi ne littafinsa kan abubuwan da ke yawo a kan ruwa, inda ya nuna cewa duk abin da aka tsoma, ruwa na tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture.

Masuntan Gulbin Kabi, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, sun san wannan a aikace ba tare da sun ji sunansa ba. Babbar gorar da masunci ke kifa ƙirjinsa a kanta a kogin Matan Fada, homa a hannu, ba ta da nauyi, amma tana ture ruwa mai yawa. Da yake litar ruwa guda kilo guda ce, gorar da ta ture lita 20 tana iya tallafar kusan kilo 20. Idan kuwa zai yi nutso, dole ya sake ta.

Mai nutson zamani da ke goye da tukunyar iska ba shi da wannan zaɓi, don gorarsa a jikinsa take. Rigar robar da ke kare shi daga sanyi cike take da ƙananan kumfan iska, kuma gwargwadon kaurinta, gwargwadon yadda take mai da shi sama. Rigar da ke tura shi sama da ƙarfin kilo 5 na buƙatar ya ɗaura dalma ta fiye da kilo 5 kaɗan, tunda ita ma dalmar tana ture nata ruwan. A teku sai an ƙara, saboda gishiri na sa ruwa nauyi. Haɗarin yana ƙasa: a zurfin mita 10 matsi ya ninka na sama, rigar ta motse, dalmar da ta yi daidai ɗazu ta zama kaya. Wanda ya rage ta fiye da kima kuma ruwa na iya cillo shi sama da gaggawa, abin da ke illata huhu.

A shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar Rumawa ƙarƙashin Marsilus ta ci Sirakus, bayan na'urorin yaƙin da Arkimidis ya ƙera sun daɗe suna hana ta shiga. Wani soja ya kashe shi, duk da umarnin da aka bayar na a bar shi da rai. Bayan shekara 137, Sisero ya tarar da kabarinsa cikin ƙayoyi, mutanen garin sun manta da inda yake.