Seydou Keïta

Seydou Keïta (an haife shi a wajajen shekarar 1921 a Bamako, ya rasu a watan Nuwamba 2001 a Paris) mai ɗaukar hoto ne ɗan ƙasar Mali. An fi saninsa da hotunan mutane marasa launi, wato baƙi da fari, waɗanda ya ɗauka a situdiyonsa da ke Bamako daga shekarar 1948 zuwa farkon shekarun 1960. A lokacin da yake aikin, sana'ar neman abinci ce a wurinsa: mutum ya zo, ya biya, a ɗauke shi hoto, ya dawo ya karɓi katinsa. Sai bayan kusan shekara talatin da rufe shagon aka fara rataye hotunan a manyan gidajen baje koli na Turai da Amurka, kuma a karon farko ba a ma rubuta sunansa a jikinsu ba. A yau ana lissafa shi cikin fitattun masu ɗaukar hoton mutane na ƙarni na 20.

Ɗigo biyun da ke kan harafin ï a sunansa ƙa'idar rubutun Faransanci ce, mai nuna cewa ana furta wasalin daban da wanda ya gabace shi.

Rayuwar farko

An haifi Keïta a lokacin da Mali take ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa, ana kiranta Sudan ta Faransa. Wannan yanki daban yake da ƙasar Sudan mai babban birni a Khartoum. Shi ne babba a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa kafinta ne, don haka bai shiga makarantar boko ba, tun yana yaro ya kama koyon aikin katako a wurin mahaifin nasa.

A shekarar 1935 wani kawunsa ya dawo daga tafiya Senegal da ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie, ya ba shi. Da ita ya fara ɗaukar 'yan gida da abokan aikinsa kafintoci. Ya ci gaba da haɗa kafinta da hoto na tsawon shekaru. Mutum biyu ne suka fi taimaka masa wajen sanin aikin: Pierre Garnier, Bafaranshe mai shagon kayan hoto a Bamako, da Mountaga Dembélé, malamin makaranta kuma mai ɗaukar hoto, wanda a wurinsa ya ƙware a wankin hoto.

Buɗe situdiyo

A shekarar 1948 Keïta ya buɗe situdiyonsa a filin gidansu da ke unguwar Bamako-Coura, a bayan babban gidan yari. Sunan unguwar yana nufin sabuwar Bamako, domin kalmar kura a harshen Bambara ma'anarta sabo. Wurin ya dace da sana'ar, saboda yana kusa da kasuwa da gidan sinima da tashar jirgin ƙasa. Layin dogon da ya haɗa Dakar da Bamako yana kawo fatake da matafiya, wasunsu kuma sukan tsaya a ɗauke su hoto kafin su wuce.

Zamanin ma ya taimaka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta soke aikin tilas a yankunan da take mulka a shekarar 1946, kuma a wannan shekarar aka kafa jam'iyyar RDA a Bamako. Birnin yana ta cika da akawu-akawu, malaman makaranta, tsofaffin sojoji, teloli da 'yan kasuwa. Waɗannan mutane suna da ɗan abin hannu, suna kuma son a gan su a matsayin 'yan birni. Hoto ya zama abin da ake ratayewa a ɗaki, ake aika wa dangi a ƙauye ta gidan waya, ake ba masoyi. A ranakun Asabar da lokutan bukukuwa har layi ake yi a ƙofar shagon.

Yadda yake aiki

Kyamarar da Keïta ya fi amfani da ita babba ce mai ƙafa uku, tana ɗaukar fim mai faɗin santimita 13 da tsawon santimita 18. Abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga ya lalace a jikinta, don haka da hannu yake cire murfin gilashin ya mayar, yana ƙiyasta lokacin da kansa. Wannan yana bukatar wanda ake ɗauka ya tsaya cak, shi kuma mai ɗauka ya san ƙarfin hasken rana a kowace sa'a.

Girman fim ɗin yana da amfani biyu. Na farko, ba a bukatar na'urar ƙara girman hoto: ana ɗora nagatif, wato dodon hoto, kai tsaye a kan takardar hoto, a haska, a wanke, hoton ya fito daidai girman fim ɗin. Na biyu, babban fim yana kama ƙananan abubuwa dalla-dalla, kamar zaren aikin wuyan riga, kitso, zobe da tsagar fuska. Wannan ne ya sa daga baya aka iya buga hotunan da girman gaske ba tare da sun dusashe ba.

Fim da takarda suna da tsada, kuma daga waje ake shigo da su. Saboda haka sau ɗaya Keïta yake ɗaukar yawancin mutane. Duk aikin yana gaban ɗauka ne: ya zaunar da mutum ko ya tsayar da shi, ya gyara kafaɗa, ya juya fuska kaɗan zuwa gefe, ya nuna inda za a ajiye hannu, ya baza zane ko babbar riga yadda adonta zai fito. Ya fi son a karkata jiki maimakon a fuskanci kyamara sak kamar hoton fasfo. A bangon shagon ya manna samfurin hotunan da ya riga ya ɗauka, domin wanda ya zo ya nuna irin tsayuwa ko zaman da yake so. Da haka ake daidaitawa tun kafin a taɓa fim. Ma'aunin nasara a wurinsa shi ne mai hoto ya ga ya yi kyau, ya dawo, ya kuma kawo wani.

A tsakar gida yake yawan ɗaukar hoto, da hasken rana. Yana da fitilu don aikin dare, kuma akwai masu zaɓar hoton dare saboda hasken fitila yana sa fata ta yi haske a hoto, amma shi kansa ya fi son na rana.

Labule da kayan ado

Abin da ya fi bambanta hotunan Keïta shi ne kyallen da yake ratayawa a bayan mutum. Na farkon da ya yi amfani da shi zanen gadonsa ne. Daga baya ya riƙa sayen yadi mai zanen ganye ko furanni ko murɗaɗɗen ado, yana sauyawa bayan 'yan shekaru. Idan mace ta sa atamfa mai zane ta zauna a gaban irin wannan labule, zane yakan haɗu da zane har idon mai kallo ya rasa wurin hutawa sai a kan fuska da hannuwa. Tun da hoton ba shi da launi, tufafi da labule ba sa faɗa da juna. Ɗaya daga cikin sanannun hotunansa na wata mace ce da ta kishingiɗa a kan gado, ta tokare da gwiwar hannu, a kan bargo mai zanen dara, bayanta kuma labule mai murɗaɗɗen ado.

Ya kuma tanadi kayan aro ga masu so: kwat irin ta Turawa, hula, tabarau, agogon hannu, alƙalami, furen roba, rediyo, wayar tarho, agogon tebur, keke da babur ƙirar Vespa. Har motarsa ƙirar Peugeot 203 ana tsayawa a jikinta. A wani hoton wasu mata biyu a gaban motar, ana iya hango inuwar Keïta da kyamararsa a jikin ƙarfen mai sheƙi. Saboda wannan al'ada ta aro, masu nazari suna jan hankali cewa hoton ba ya tabbatar da abin da mutum ya mallaka, yana nuna yadda yake so a gan shi ne. A nan hotunan suka sha bamban da katunan da Turawan mulkin mallaka suke bugawa, inda ake nuna Ba'afirke a matsayin samfurin ƙabila. A shagon Keïta mai hoton ne ya biya kuɗi, shi ya zaɓi tufafinsa, shi kuma zai tafi da hoton gida.

Adana nagatif

Keïta yana buga hatimin sunansa a kan hotunan da yake ba mutane, sannan ya riƙe nagatif ɗin, domin wani yakan dawo neman ƙarin kwafi. Ya tara dubbai, ya adana su cikin akwati, yana kula da su duk da ƙura da zafi da damshin damina. Yana kasa su ne bisa irin hoton, misali na maza, na mata, na tsaye, na zaune, na rukuni. Bai rubuta sunayen masu hoton ba. Shi ya sa akasarin hotunansa suke yawo a yau ba su da suna, kuma shekarun da ake rubutawa a ƙarƙashinsu kintace ne: da labulen da ke bayan mutum Keïta yake gane lokacin da ya ɗauki hoto.

Aikin gwamnati

Mali ta sami 'yancin kai a shekarar 1960 a ƙarƙashin shugaba Modibo Keïta. A shekarar 1962 gwamnati ta ɗauki Seydou Keïta aiki a matsayin mai ɗaukar hoto na hukumar tsaron ƙasa, ya kuma rufe situdiyonsa a 1963. Ya ci gaba da wannan aiki har bayan juyin mulkin 1968 da ya kawo Moussa Traoré, ya yi ritaya a 1977. Hotunan da ya ɗauka a wannan lokaci na hukuma ne, ba sa cikin waɗanda aka san shi da su. Bayan ritaya ya koma gyaran babura da injina, abin da dama yake sha'awa.

A shekarun da ya bar kasuwa, salon hoto a Bamako ya sauya. Malick Sidibé, wanda Keïta ya girme shi da fiye da shekara goma, ya yi suna da bin matasa wuraren rawa da bakin Kogin Neja da ƙaramar kyamara mai walƙiya. Daga baya hoto mai launi da injinan wanki suka rage kasuwar masu aikin baƙi da fari.

Fitowar sunansa a duniya

A shekarar 1991 aka yi wani baje koli mai suna Africa Explores a birnin New York, wanda Susan Vogel ta shirya. A cikinsa akwai wasu hotuna daga Bamako da aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba. Jean Pigozzi, attajiri mai tara ayyukan fasahar Afirka, ya gan su, ya tura André Magnin ya nemo mai su. Magnin ya isa Bamako a 1992, ya nuna wa Malick Sidibé kwafin hotunan, Sidibé kuma ya gane aikin Keïta ne. Da aka je wurinsa, aka tarar nagatif ɗin suna nan a adane. Magnin ya zaɓi 921 ya tafi da su Paris.

Daga nan abubuwa suka bi da sauri. A 1994 gidauniyar Cartier ta nuna hotunansa shi kaɗai a Paris. A wannan shekarar aka fara taron masu ɗaukar hoto na Afirka a Bamako, wanda Françoise Huguier tana cikin waɗanda suka kafa shi, aka kuma karrama shi a ciki. A 1996 hotunansa suka shiga baje kolin In/sight a gidan tarihi na Guggenheim da ke New York, wanda ɗan Najeriya Okwui Enwezor yana cikin masu shirya shi. A 1997 aka wallafa babban littafin hotunansa, gidan Gagosian kuma ya nuna su a New York. Hoton da aka saba bugawa kamar girman tafin hannu ya koma fiye da mita ɗaya, ana sayar da shi dubban daloli.

Muhawara da taƙaddama

Wannan sauyi ya jawo tambayoyi. Sababbin kwafin sun fi na asali girma nesa ba kusa ba, baƙinsu da farinsu kuma sun fi ƙarfi. Wasu masana suna ganin an mayar da abin da aka yi don ɗakin iyali ya zama kayan kasuwar Turai. Wasu kuma suna nuni da cewa Keïta da kansa ya ga manyan kwafin, ya yi farin ciki da su, ya kuma sa hannu a kansu. Akwai kuma batun mutanen da ke cikin hotunan: sun biya kuɗi ne don hoton kansu, ba su san fuskokinsu za su kai gidajen tarihi ba, kuma ba a san sunayen yawancinsu ba.

A shekarar 2001, kafin rasuwarsa, Keïta ya sauya wakilin da ke sayar da aikinsa, aka kuma kafa ƙungiya mai sunansa a Bamako don kula da gadonsa. Bayan ya rasu, saɓani ya tashi tsakanin tsofaffin wakilai da sababbi a kan wanda ke da ikon riƙe nagatif ɗin da aka kai Paris, da wanda ke da ikon buga sababbin kwafi, da ingancin sa hannun da ke kan wasu hotuna. Maganar ta kai kotu. Ana yawan kawo wannan shari'a a matsayin misali idan ana tattauna haƙƙin mallakar masu ɗaukar hoto na Afirka da muhimmancin rubutacciyar yarjejeniya kafin nagatif ya bar hannun mai shi.

Rasuwa da abin da ya bari

Seydou Keïta ya rasu a Paris a watan Nuwamba 2001, yana da kimanin shekara 80. Hotunansa suna cikin tarin manyan gidajen tarihi, ciki har da Metropolitan da MoMA a New York. A shekarar 2016 aka yi babban baje kolin aikinsa a Grand Palais da ke Paris, inda aka haɗa manyan kwafi na zamani da ƙananan na asali da aka samo. Masu nazarin tarihi suna amfani da hotunan wajen sanin tufafi, ɗaurin ɗankwali, kitso da kayan ƙawa na Bamako a ƙarshen mulkin mallaka. Babbar kyautar taron masu ɗaukar hoto na Bamako tana ɗauke da sunansa, kuma ɗan Najeriya Uche Okpa-Iroha ya ci ta sau biyu, a 2009 da 2015.